Ni Na Yanka Shi

Hassana, Usaina, ku nake rubuta wa wannan, ko da yake na san ba yanzu za ku karanta ba. Ranar Larabar da ta wuce kun dawo daga Islamiyya Usaina tana share hawaye da gefen hijabi, wai yara sun biyo ku har bakin layi suna kiran ku ƙannen mai yanka. Na ce ku rabu da su, na shige ɗaki na turo ƙofa. Ba rashin damuwa ba ne. Bakina ne ba ya iya ɗaukar maganar. Biro kuwa yana jirana. Bidiyon nan yana nan a wayoyin mutane, wata rana wani zai miƙo muku shi ku ga yayarku tana dariya tana faɗin abin da ta faɗa. Ina so kafin wannan ranar ku san abin da ke gabansa da abin da ya biyo bayansa.

Da na gama sakandare Baba ya kai ni koyon ɗinki wurin Hajiya Uwani, tsohuwar malamar firamare ce da ta buɗe shago a nan Kazaure bayan ta yi ritaya. Kekuna biyar ne a shagon, nawa shi ne na bakin ƙofa. Duk ranar Asabar bayan azahar mata kan taru a can, matan aure da zawarawa da mu 'yan koyo, a zazzage buhun ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin mako, a harhaɗa su a yi bargo a kai wa masu jego. Kowace mace takan ɗinka murabba'i ɗaya, mu muna ce masa gida, daga baya a haɗe gidajen su zama bargo. A shekarar zaɓe Hajiya ta zo da sabuwar shawara. Ta ce akwai lokacin da macen Arewa ba ta da ikon jefa ƙuri'a, kuma matan da suka fara jefawa suna nan da ransu a gidajenmu suna tsufa ba wanda ya tambaye su. A yi musu bargo, kowace ta je ta samo labarin tsohuwar gidansu ta ɗinka shi a gida ɗaya. Ni da takardar sakandare a hannuna ban taɓa jin wannan ba. Na zaci tun da aka fara zaɓe da mu aka fara.

Maman Joy, tela ce daga kudu da ta fi ni daɗewa a garin nan, ta cire allura daga baki ta ce:

"Ku dai kun makara. Uwata tun tana budurwa take dangwalawa."

"Mun ji, sarauniyar zaɓe," in ji Hajiya. "Sai ki ɗinka mana uwar taki mu gani, in dai ba za ki sa mata ɗankwali mai tsayin bene ba."

Aka yi ta dariya. Labari ya bazu, har matan Roni da Gwiwa da Babura suka riƙa aiko da gidajensu a leda ta hannun direbobi. Wata ta ɗinka takalmin roba ƙafa biyu, na uwarta da ta taka daga ƙauye. Wata ta ɗinka mace da goyo a layi. Hajiya da kanta ta ɗauki gidan tsakiya, ta ɗinka ƙofar kurkuku da baƙin zare, don tunawa da matan da aka ɗaure a can baya saboda sun ce mace ma mutum ce a wurin zaɓe. Tana ɗinkin tana yi mana huɗuba a kan jarumta. A lokacin ba wanda nake so in zama irinsa kamar Hajiya Uwani. A shekarar na karɓo katin zaɓena na farko, bayan na yi kwana uku ina bin layi. Na sa shi cikin jakar makarantata, ina ciro shi in duba hotona kamar wani ne zai canza shi in ban duba ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce tsohuwar gidanmu. Na same ta tana ɓarar gyaɗa na tambaye ta ko tana cikin waɗanda suka fara.

"Ke Rakiya, sai yau kika san ina da labari? Da kin ɗauka a kan tabarmar nan aka haife ni?"

Ta ce lokacin suna ƙauye a ƙasar Gwiwa, tana goyon Baba. Kakanmu ya yarda ta je, amma ya yi gaba da nisa kamar bai san ta ba. Wani tsoho a gindin tsamiya ya ga ayarinsu ya ce to, yau kuma mata ne za su naɗa sarki. Ta je da lalle a hannu don an yi suna a gidansu, malamin zaɓe ya kama babban yatsanta ya juya ya ce wannan ai ya riga ya sha tawada.

"Na ce masa Malam, wannan ta ado ce, zuba mini ta mulki."

"To wa kika zaɓa, Kaka?"

"Kakanku ya yi ta tambayata har ya koma ga Allah ban faɗa masa ba. Sai ke da kika zo jiya?"

Ta buɗe adakarta ta yago mini gefen wani tsohon saƙi baƙi, ta ce shi ta ɗaura ranar. Nan take na san abin da zan ɗinka: saƙin Kaka a ƙasa, farar takarda a kai, sai babban yatsa yana sauka a kan takardar.

Saƙi na samu, farin yadi ba wuya. Yatsan ne ya ba ni wahala. Ina son ƙyalle mai launin fatar mutum, na zazzage buhunmu kaf ban samu ba, duk ja ne da shuɗi da mai furanni. Maman Joy ta ce in duba buhun da ta kawo daga shagonta. A makon ta yi ta ɗinkin ankon siyasa, atamfar nan da aka buga wa fuskar Onarabul, ɗan takarar da kusan duk unguwarmu ke bi. Ba zan rubuta sunansa ba. A cikin ragowar na tsinci guntu mai faɗin tafin hannu, kumatunsa ne da wuyansa, launin daidai da hannun Kaka kamar an auna. Wallahi abin da na gani ke nan, launi. Na ɗora alli na zana yatsa na bi da almakashi. Gefen leɓensa da ɗan gashin baki suka faɗo a daidai gindin yatsan, na ce in na kalmashe bakin na bi da zare ba wanda zai lura. Maman Joy tana kallo, Hajiya tana kallo. Hajiya har cewa ta yi kai, yarinyar nan akwai ido.

Ranar da muka shimfiɗa gidajen a ƙasa don a tsara su, Hajiya ta ɗauko waya tana ɗaukar bidiyo, za ta tura wa matan Roni da Babura su ga inda aka kwana. Tana bi gida gida tana tambaya. Da ta zo kan nawa ta matso da wayar dab da yatsan.

"Wannan kyakkyawan fa, wa ya yanka shi?"

Na ɗago ina dariya, da almakashi a hannuna.

"Ni na yanka shi, ni na ɗinke masa baki. Saura in danne shi da dutsen guga ya kwanta."

Duk telan da ke ƙasar Hausa haka yake magana. Yadi yanka shi ake yi. Ƙyalle yana da baki, in ba a ɗinke ba zare zai zazzago. Na faɗi wannan maganar sau ɗari a shagon nan ba wanda ya ɗago kai. Amma wani, har yau ban san ko wane ne ba, ya ciro bidiyon daga guruf ɗin mata, ya datse farkonsa da ƙarshensa, ya ƙara girman yatsan har gashin bakin Onarabul ya fito fili, ya ajiye hotonsa a gefe. Aka rubuta a ƙasa cewa matan 'yan adawa sun yi wa maigida asiri, ga mai yankan tana faɗa da bakinta.

Ni ban ma gani ba sai ranar Talata. La'asar ta yi, muna shago mu huɗu, na ji babura sun tsaya a ƙofa, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma ba a kashe injin ba. Suka shigo ba sallama. Manyan samari ne, wasu na san fuskarsu a tasha, ɗaya ma ajinmu ɗaya a firamare, ya yi kamar bai taɓa ganina ba. Na gabansu yana da gora a hannu, ya buga ta a kan teburin yanka har allurai suka watse.

"Wace ce mai yankan?"

Ina sanye da hijabi, a bidiyon kuwa ɗankwali ne a kaina, ba su gane ni ba. Maman Joy ta miƙe ta ce yarinyar ba ta zo yau ba, su faɗa mata abin da ke tafe da su. Ya ce ta zauna, ba da baƙi yake magana ba, in kuwa tana son shagonta ya kwana lafiya ta kama bakinta. Ta zauna. Ban riƙe ta a zuciya ba, ita kaɗai ce ma ta yi yunƙuri. Sai ya juya wurin Hajiya, ya ce mata Hajiya ke uwa ce, ba ma son mu yi miki rashin kunya, kekunan nan biyar kuma da tsada suke. Na ga idon Hajiya ya bi kekunan ɗaya bayan ɗaya. Haɓa kawai ta ɗaga ta nuna ni.

Ya kunna bidiyon ya kara mini a kunne. Na ji muryata sau uku tana cewa ni na yanka shi. Na ce ƙyalle nake nufi, don Allah ku duba, ƙyalle ne. Ya ce ƙyalle ne ke da gashin baki? Ya ɗauki babban almakashina daga kan keke, ya buɗe shi ya rufe a gaban fuskata, a hankali, ya sake buɗewa. Ya kama gefen hijabina ya fara yanka daga ƙasa yana yin sama, ina jin sanyin ƙarfen ta cikin riga, sai da ya zo daidai wuyana ya tsaya.

"Kin ga yadda ake yanka? Mu ma teloli ne."

Sauran suka yi dariya. Suka jawo bargon daga kan igiya, suka farke gidana daga jikinsa, suka daddatsa shi a ƙasa, har da saƙin Kaka. Sauran gidajen ba su taɓa ba. Da suka fita na ga zanena a jiƙe, ban san lokacin da hakan ta faru ba. Maman Joy ce ta cire mayafinta ta rufa mini ta sa ni a adaidaita. Hajiya tana tsintar allurai a ƙasa, ba ta ɗago ba har muka tafi.

Bayan kwana biyu aka zo sulhu a zaurenmu. Wanda ya zo wani Alhaji Sule ne, shi ke haɗa wa Onarabul jama'a a unguwarmu, ana ce masa Kodineta. Ya zo da fara'a da goro, ya gaisa da Baba hannu biyu, ya ce yaran nan ba da saninsa suka je ba, zafin kai ne na ƙuruciya, kuma maigida mutum ne mai yafiya. Baba yana zaune a takure. Kun san rumfar awon hatsinsa a kasuwa ita ce cinmu, kuma kun san su wa ke raba rumfuna. Kodineta ya ce abu biyu kawai ake so. In sa ankon in ba da haƙuri a bidiyo. Sannan, don a tabbatar zukata sun wanku, a ba shi katunan zaɓen gidan ya adana, bayan zaɓe zai dawo da su da hannunsa.

"Ba ƙwace ba ne, Malam Habu, ajiya ce. Kada wani ya zo ya ruɗi yarinya."

Baba ya shiga ya fito da nasa da na Umma. Bai dube ni ba ya ce:

"Rukayya, ɗauko."

Ina so in rubuta muku cewa na yi gardama. Ban yi ba. Na tsaya a tsakar gida da jakar a hannuna, na tuna kwana ukun da na yi a layi, na tuna ƙarfen nan a wuyana, sai na ga ba su ma yi kusa da juna a nauyi ba. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu, har na ce na gode. Wannan na gode ɗin ita ta fi ci mini rai har yau.

Ya ce saura na Hajiya Babba, Kaka yake nufi. Kaka tana zaune a bakin ƙofar zaure ta ciki, tana jin komai.

"Inna, a taimaka da katin."

"Wane kati, ɗan nan?"

"Na zaɓe, Inna."

"Af. Ai ɓera ya cinye shi tun da damina. Ka bi shi rami, in ka same shi ka gaishe shi, shi ma ɗan jam'iyyarku ne."

Kodineta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce tsofaffi sai da lallashi, ya bar ta. Katin kuwa yana ƙulle a bakin zanenta, ina ganin tudunsa daga inda nake durƙushe. Aka ba ni ankon na sa a kan kayana, fuskar mutumin a ƙirjina da cikina da bayana, na karanta abin da aka rubuta mini a takarda. Wannan bidiyon bai yi nisa ba. Na farkon ne mutane suke so.

Ban koma shago ba. Hajiya ta aiko Maman Joy da saƙo wai in yi haƙuri, ita ma tana da 'yan koyo da za ta kare, kuma da ma ganganci ne a taɓa atamfar siyasa a shekarar zaɓe. Ita da ta ce akwai ido. Ramin da aka bari a bargon ta cike shi da wani gida mai fure. Na ji an kai bargon wani taron mata an ɗaga shi an yi tafi, uwargidan Onarabul ce babbar baƙuwa, Hajiya ta yi jawabi a kan jarumtar iyayenmu mata. Ƙofar kurkukunta tana nan a tsakiya, ba abin da ya same ta.

Ranar zaɓe Kaka ta yi wanka da sassafe ta ɗauki sandarta. Na fito zan raka ta, ta ce in zauna.

"Me za ki je yi? Kallo?"

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta tafi ita kaɗai ta dawo da azahar, ta ci tuwo ta kwanta. Ba ta taɓa yi mini maganar saƙinta ba, ba ta taɓa cewa na yi laifi ba. Tsokanar ce kawai ta daina. Da in na wuce sai ta ja mini zane ta ce ga mummunar gidan nan, yanzu sannu take ce mini, kamar baƙuwa. Ku kuna ganin kamar ta fi sona ne da ta daina zagina. Baba da Umma kuwa ranar zaɓen suka wuni a ɗaki da rediyo, ba wanda ya ambaci abin da ake yi a waje.

Har yanzu in babur ya tsaya a ƙofar gida ba a kashe injin ba, sai na tsinci kaina a bayan randa. Almakashi kuwa, ko na yanke farce ba na iya taɓawa, ke Hassana kin sha tambayata me ya sa nake ba ki ki yanke mini zare. Ga dalilin.

Bayan zaɓe da mako uku Kodineta ya cika alkawari, ya zo da kansa. Baƙar leda ce a hannunsa cike da katuna, an ɗaure su kashi kashi da roba. Ya tsaya a zaure yana lissafa da yawu a yatsa, ya zaro uku ya miƙa wa Baba, ya ce Allah ya bar zumunci. Baba ya ba Umma nata, ya miƙo mini nawa. Na juya shi. Wata mata ce, ta kai sa'ar Umma, siririya mai tsage a kumatu, an rubuta rumfar zaɓenta a ƙasar Roni. Na bi shi da gudu har waje, karo na farko da na taka ƙofar gida ni kaɗai tun ranar shagon. Ya riga ya hau mota.

"Alhaji, wannan ba nawa ba ne."

Ya leƙo ta taga ya dubi katin, ya dube ni.

"Ba mace ba ce a jiki?"

"Mace ce, amma ba ni ba ce."

"To riƙe mana, 'yata. Ai duk ɗaya ne, an gama."

Direba ya ja mota. Baba ya ce kada in sake in tayar da maganar, in an buɗe rajista in je in ce nawa ya ɓata. Ban je ba tukuna. Katin matar yana wurina. Na haddace sunanta da sunan ƙauyensu, Roni kuma ba nisa, kuɗin mota kaɗan ne. Sau biyu ina sa hijabi da niyyar in kai mata, in tambaye ta ita kuma me ta faɗa, ko me ta ɗinka, aka karɓe nata. Sau biyun a zaure na tsaya na cire hijabin na koma ciki.